Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limaman Juma'a Da Masu Wa'azi: Batun Ɗan Ƙwayar Da Ya Tuba Ya Koma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, iyayenmu limaman Juma'a da masu wa'azi na Kano da sauran garuruwan Arewa. Ina gaishe ku da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa rayuwarku albarka. Ni ma'aikacin jinya ne, ina aiki a sashen da ake kwantar da masu larurar ƙwaƙwalwa da waɗanda shaye-shaye ya kayar. Karatuna na addini bai wuce na makarantar allo da Islamiyyar dare ba, don haka ba fatawa na zo bayarwa ba. Na rubuto muku ne saboda kusan duk wanda aka kawo mana, kafin ya iso hannunmu ya riga ya biyo ta hannunku. Uwa ba ta fara kai ɗanta asibiti. Wurin liman take fara zuwa, ko ta aika a karɓo rubutu, ko ta roƙa a kira yaron a yi masa nasiha. Abin da kuka faɗa mata a ranar nan, sau da yawa shi yake yanke inda yaron zai kwana nan da wata shida: gadon asibiti, ko gidan mari, ko ƙarƙashin gada.

Huɗubobinku kan shaye-shaye ina jin su, a masallacin unguwarmu da kuma a rediyo. Kun faɗi hukunci, kun faɗe shi daidai: duk abin da yake sa maye giya ne, giya kuma haramun ce. Babu wanda yake jayayya da wannan, har su masu shan. Na yi jinyar mahaddata, na yi jinyar ladani. Sun fi ni sanin ayar. Abin da ban cika ji a kan mumbari ba shi ne amsar tambayar da take hana iyaye barci: yaron nan ya yi kuka, ya dafa Alƙur'ani ya rantse, kowa ya ga da gaske yake, to me ya mayar da shi bayan kwana uku? Amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin tsoron Allah, taurin kai da miyagun abokai. Wataƙila waɗannan ne suka kai shi ga ƙwayar farko. Ta ɗari biyar kuwa wani abu ne daban yake kai shi, kuma shi nake so in bayyana muku kamar yadda muke ganin sa a jikin mutane.

Tiramol da kodin dangi ɗaya ne, magungunan kashe raɗaɗi masu aiki irin na ofiyom. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da nasa sinadaran kashe raɗaɗi da na jin daɗi, yana sakin su daidai gwargwado, lokacin da mutum ya ci abinci bayan yunwa, ko ya huta bayan wahala, ko ya ɗauki ɗansa. Ƙwaya tana shiga ta danna waɗannan wurare da ƙarfin da ya zarce na halitta. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta jure abin da ya wuce kima, sai ta kare kanta, ta dakusar da wuraren da ƙwayar take kamawa, ta daina amsa ƙananan daɗaɗan da ta saba amsawa. Daga nan guda ɗaya ta daina isa. Wanda ya fara da ɗaya ranar da zai yini a gona ko ya yi dakon siminti, bayan 'yan watanni sai uku, sai biyar, har ya kai ga ɓare kati guda ya watsa a baki. Ƙwaya rance take bayarwa, kuma da kuɗin ruwa: ƙarfin da ta ba ɗan dako yau daga cikin na gobe ta ciro shi, gobe kuma sai ya sake ranta don ya biya na jiya.

Ku duba lissafin. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tiramol a yini ga babban mutum, kuma mai ƙarfin 50 da 100 ne kaɗai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da su. Wadda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa 200 ce, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Guda biyu kawai sun cika ko sun haura iyakar yini. Shi ya sa za ku ga matashi ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, jama'a su taru ana cewa aljanu ne, a ɗauko shi a kawo muku don ruƙiyya, alhali tiramol ce ta yi masa yawa.

Sai kuma abin da yake faruwa idan bai sha ba. Kafin a kwana a yini zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba, gumi na keto masa ga sanyi na kaɗa shi, tsigar jiki na tashi. Ciki ya murɗa, ga gudawa ga amai, ƙasusuwa su ɗauki ciwo, barci ya ƙaurace. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, yakan ɗauki kusan mako kafin ya lafa. Mai tiramol har da ƙarin firgici da ruɗewa. Duk wannan yana cikinsa, kuma ya san ƙwaya ɗaya da ke lungun bayan gidansu za ta ɗauke masa shi kafin a yi sallar gaba. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba. Maganar da muka fi ji daga bakinsu ita ce: wallahi yanzu ba don caji nake sha ba, don in zama daidai ne.

Da a makon nan abin yake ƙarewa, da aikinmu ya yi sauƙi. Bayan jiki ya lafa, jarabar tana nan kwance a ƙwaƙwalwa, watanni, wani ma shekaru. Ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗaure ƙwayar da duk abin da ya saba kewaye ta: kwanar da dila yake tsayawa, muryar aboki a waya, kuɗi a hannu ranar biya, faɗa da mahaifi, zaman banza bayan la'asar. Ɗaya daga cikinsu ya gifta, sai zuciya ta fara bugawa, baki ya bushe, tunani ya tattaru wuri ɗaya, tun kafin mutum ya yanke shawarar komai. Nakan ji ana cewa ai yana iya azumi, ashe da gangan yake. Ku tambayi mutanen gidan. Da ita yake yin sahur, kuma da yawansu kafin dabino ita suke fara kaiwa baki.

Kada a ɗauka 'yan tsiraru ne a bakin tasha. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 dangin tiramol suka sha ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Ɗaya cikin biyar na masu shan, abin ya riga ya zame masa cuta. A jihar Kano kashi 16 cikin ɗari aka samu, wato wajen mutum ɗaya cikin shida. Allah gafarta malam, idan ka hau mumbari ranar Juma'a ka kalli sahu, wanda kake magana a kansa yana zaune a gabanka, ko mahaifinsa, ko mijinta.

Gwamnati ta gwada toshe hanya. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalaben kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A 2018 BBC ta fitar da rahoton binciken da ya nuna yadda maganin tarin ke fita daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, ranar 1 ga Mayu kuma gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Mataki ne mai kyau, ina cikin waɗanda suka yi murna. Amma mu a ɗakin jinya mun ga abin da ya biyo baya: kwalba ta yi tsada, masu jarabar ba su ragu ba, sai suka koma tiramol, da diazepam, da rochi, da eksol, marasa kuɗi kuma sholisho da akurkura. Tun 2021 da Buba Marwa ya karɓi NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ake kama kwantena-kwantena a tashoshin Apapa da Onne. Da aka matsa wa tiramol, sai ga wata mai suna tapentadol tana shigowa daga Indiya, har sai da wani rahoton BBC na 2025 ya sa Indiyar ta hana haɗa ta da wani maganin sassauta jijiya. Muddin akwai miliyoyin mutanen da jikinsu yake nema, wani zai kawo musu. Kamun dila aikin hukuma ne, Allah ya taimake su. Mai nema kuwa yana hannunmu, mu da ku.

A nan ne zan taɓo inda yake da zafi, kuma ina neman afuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata mai bi aka sake ganin irin haka a Daura da cikin Katsina. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye, kuma da sunan addini aka karɓe su. Ba na zargin iyayen. Uwar da ɗanta ya sayar mata da keken ɗinki da buhun masara ta gaji, duk wanda ya ce zai riƙe mata shi za ta yi masa godiya. Ba na kuma cewa duk malamin da yake karɓar kangararru azzalumi ne. Abin da nake cewa shi ne mari yana yaudarar ido. Wanda aka ɗaure dole ya daina sha, sai a ga ya yi ƙiba ya yi haske a ce ya warke. Jarabar kuwa ba a taɓa ta ba, an dai ƙara masa ƙunci da ƙiyayyar iyayensa, su kuma su ne makamashinta.

Akwai haɗura biyu da nake roƙon ku riƙe, don rai suke ci. Na farko, wanda ya daɗe yana shan diazepam ko rochi ko giya da yawa, idan aka yanke masa rana ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga, yana iya mutuwa. Irin wannan a hankali likita yake rage masa. Na biyu ya fi ban tausayi. Wanda ya yi wata uku bai sha tiramol ko kodin ba, jikinsa ya koma na sabon shiga, amma hannunsa bai manta adadin da ya saba ba. Ranar da aka sake shi, daga gidan mari ne ko kurkuku ko ma asibitinmu, idan ya koma ya sha yadda yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa cikin barci. Makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari a rayuwarsa, kuma a lokacin ne kowa yake sakin jiki ana cewa an gama. Ko a dokar ƙasa an bar zamanin ɗauri: a farkon 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku shi ne ba daga littafin likitanci kaɗai na ga wannan fahimta ba, a wurinku na fara jin ta. Ku kuka karantar da mu cewa haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. Aka fara da ayar Baƙara, cewa zunubinta ya fi amfaninta girma. Aka zo ta Nisa'i, kada ku kusanci salla kuna cikin maye. Sannan ta Ma'ida ta rufe ƙofa. Ku kuka kawo mana maganar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a cikin Bukhari, cewa da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da sun ce ba za mu taɓa barin ta ba. Na sani hukunci ya riga ya tabbata, babu mai cewa a koma baya. Amma Wanda ya halicci ɗan Adam ya san nauyin sabo a jikinsa, kuma waɗanda aka bi da su a hankali ɗin nan sahabbai ne.

Sai labarin sahabin nan Abdullahi da ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, dariya. An sha kawo shi saboda shan giya. Wata rana da aka sake kawo shi aka yi masa hukunci, wani ya ce Allah ya la'ance shi, sau nawa ake kawo shi! Annabi ya ce kada ku la'ance shi, ya kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. A wani hadisin, da aka ce wa wani mashayi Allah ya kunyata ka, sai ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Mutum ne da yake komawa, yake sake komawa, kuma ba a kore shi daga majalisin Annabi ba. Na daɗe ina jiran in ji an gina huɗubar shaye-shaye guda cikakkiya a kan wannan hadisi. Masu binciken jaraba a Amurka sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha, kusan daidai da yadda masu hawan jini da asma suke komawa ciwo. Ba mu taɓa cewa mai hawan jini munafuki ne don jininsa ya sake hawa ba. Wanda ya zame ya dawo wurinmu da wuri yakan tashi. Wanda aka tsine wa a gida, aka nuna shi da yatsa a masallaci, shi ne ba ya dawowa. Idan uba ya zo muku a fusace yana cewa ya sallama shi, ku tuna masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma bakin iyaye ba abin wasa ba ne.

Wata shawarar da nake roƙon ku daina sa wa albarka ita ce a yi masa aure zai natsu. Ku ne masu ɗaura auren, ku ake kira raɗin suna, ku ake kawo wa ƙara idan ya lalace. Aure ba ya cire jaraba. Yarinya ce ake miƙa wa aikin jinyar da ba ta san da shi ba, ba a kuma gaya wa waliyyinta gaskiya ba. Bayan shekara ta dawo gida da goyo, wani lokacin ita ma ta koya.

Matan ma su ne ɓoyayyen ɓangaren wannan magana. Binciken nan na Hukumar Ƙididdiga ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce, amma a ɗakinmu sai a daɗe ba a kawo mace ba. Ana juye kodin a robar lemo a sha a gidan biki, ana haɗiyar maganin barci don a manta da kishiya ko da miji mai duka, ko bayan haihuwar da ta bar mace cikin baƙin cikin da ba ta san sunansa ba. Gida ya gwammace ta lalace a ɗaki da a ji an kai ta asibitin mahaukata, don kada ƙannenta su rasa mijin aure. Malamai mata na Islamiyyu su ne kaɗai suke shiga inda ba ma shiga, ina fata wannan wasiƙa ta isa gare su.

Ba na ce ku daina addu'a da nasiha ba. Na ga amfaninsu da idona: wanda yake da jam'in salla, da malamin da yake neman sa idan bai gan shi a sahu ba, ya fi daɗewa bai koma ba. Roƙona shi ne idan uwa ta zo, bayan addu'a ku tambaye ta me yake sha, tun yaushe, kuma me yake faruwa da shi idan bai sha ba. Idan ta ambaci karkarwa, gumi, rashin barci ko faɗuwa, ku ce mata a kai shi asibiti, da bakinku, don naku ya fi nawa nauyi a kunnenta. Akwai asibitin Dawanau da na koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da layin waya na kyauta. Gadaje ba su isa ba, kuɗin jinya kuma ya fi ƙarfin talaka, wannan gaskiya ce. Amma gwamnoni da attajirai a sahun gabanku suke zama. Masallacin da ya iya tara kuɗin tayil da na'urar sanyaya ɗaki zai iya ɗaukar nauyin jinyar matasa biyu na unguwarsa, ya kuma nema musu abin yi idan sun fito, don zaman banza ne yake fara mayar da su.

Saura tambaya ɗaya wadda ta fi ƙarfina, ku ne masu ita. Ga wanda jarabar dangin tiramol ta yi wa mugun kamu, maganin da likitocin duniya suka fi samun nasara da shi su ne methadone da buprenorphine. Su ma daga dangin suke, amma likita ne yake auna su, ana sha sau ɗaya a yini, suna kwantar da nema ba tare da sun bugar ba, mutum ya koma sana'arsa da sallarsa, kuma an tabbatar suna rage mutuwa. Ba ko'ina ake samun su a ƙasar nan ba tukuna. Na san hadisin Ɗariƙ bin Suwaid da ke cikin Muslim, da ya tambaya game da yin magani da giya aka ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Na kuma san malaman Iran da na Malesiya sun zauna da likitocinsu a kan wannan, har a Kuala Lumpur aka yi shirin ba da methadone a harabar masallacin Ar-Rahman tare da Jami'ar Malaya. Ranar da magungunan nan suka yawaita a asibitocinmu, iyaye ku za su tambaya ko ya halatta, kuma abin da kuka ce shi za a bi. Ina roƙon Majalisar Malamai da kwamitocin fatawa na ƙungiyoyinku, Izala da Ɗariƙu baki ɗaya, su kira likitocin ƙwaƙwalwa su ji yadda abin yake aiki kafin tambayar ta iso. Wanda kuma yake so ya gani da idonsa, ya nemi izinin asibiti mafi kusa da shi ya ziyarci ɗakin masu jinyar, ya zauna da wanda yake kwanansa na uku.

Allah ya gafarta malamai, ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
wani ma'aikacin jinya daga Kano.